A koya wa jami'ai harbi da ƙaramar bindiga daki-daki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka domin mu yi tsokaci kan yadda ake koya wa jami'an tsaro harbi da ƙaramar bindiga, wadda aka fi sani da fistol. Mu tsofaffin malaman filin harbi ne mazauna Sakkwato, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yawan jin an ce harsashi ya kuɓuce, ko a shingen bincike, ko a ƙofar ma'ajiyar makamai, ko cikin mota. Bindiga mai lafiya ba ta tashi sai an taɓa kunamarta. In ta tashi ba da niyya ba, to yatsa ne ya shiga inda bai kamata ba, kuma sai da horo yatsa ke sabawa da zama a waje.

Bari mu faɗi waɗanda muke magana da su. A Dokar Makamai ta 1959, fistol da libarba suna cikin makaman da aka hana kowa mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, saɓanin bindigar farauta wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Saboda haka wasiƙar nan ta jami'an da doka ta rataya wa bindiga ce: ɗan sanda, soja, jami'in kwastan da na shige da fice a kan iyakar Illela, da jami'in sibil difens. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Habana a 1990 sun ce kada a ba jami'i izinin ɗaukar bindiga sai ya kammala horo na musamman a kanta, kuma a riƙa sake duba cancantarsa lokaci zuwa lokaci. Umarni na 237 na rundunar 'yan sanda, wanda aka sabunta a 2019, ya fayyace lokacin da ya halatta a yi harbi. Amma sanin lokacin harbi daban, iya aika harsashi inda aka nufa daban.

Mutane da yawa suna ɗauka duk wanda ya iya AK-47 ya iya fistol. Sam ba haka ba ne. Doguwar bindiga tana jingine da kafaɗa da kunci da hannu biyu, kuma tsakanin tsinin saitinta na gaba da tsagar baya akwai kusan santimita 38. A fistol wannan tazarar ba ta cika wuce santimita 16 ba, kuma hannu kaɗai ke riƙe da ita. Ga lissafin: in tsinin gaba ya kauce da milimita ɗaya tak, harsashi zai kauce da kusan santimita 3 a nisan mita 5, santimita 6 a mita 10, fiye da santimita 15 a mita 25. Sannan bindigar da nauyinta bai wuce kilo ɗaya ba, kunamarta tana buƙatar matsin kilo biyu da rabi kafin ta saki. Harbin farko na fistol ƙirar Beretta 92, in ba a ɗana ta ba, yana kaiwa kusan kilo biyar. Wato ana so yatsa ɗaya ya yi matsin da ya ninka nauyin bindigar ba tare da ta motsa ko da milimita ɗaya ba. Kusan dukan wahalar fistol a nan take.

Tsarin da aka saba gani a wurare da dama shi ne a tara mutane rana ɗaya, a jera su cikin rana tsaka, a ba kowa 'yan harsasai ya harba daga nesa, a rubuta suna, a watse sai baɗi. In ka yi magana sai a ce babu harsashi. Mun yarda harsashi yana da tsada kuma a ƙirge yake. Sai dai fiye da rabin abin da za mu zayyana a nan ba ya cin harsashi ko ɗaya. Kuma in kason jami'i a shekara harsashi 120 ne, misali, goma kowane wata ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan ya ƙone su duka da hantsi ɗaya. Yadda malamin allo ba ya barin yaro ya wanke sai ya biya karatunsa daidai, kuma ba a kai shi farfaru bai iya babbaƙu ba, haka ya kamata filin harbi ya kasance: kowane mataki da jarrabawarsa, ba a wucewa sai an ci.

Ana farawa da bindiga wadda babu komai a cikinta, a ɗakin da ba a shiga da harsashi ko ɗaya. Abin da za a fara dasawa a kan ɗalibi shi ne ya ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da bai yi niyyar harbi ba, yatsansa ya kwanta miƙe a jikin bindiga sama da kunama har sai ya yi saiti, kuma ya san abin da ke bayan abin da yake nufi. Harsashin milimita 9 yana fita da gudun sama da mita 350 a daƙiƙa, kuma yana iya yin tafiyar kusan kilomita biyu. Wanda ya harba sama a unguwar Gawon Nama don korar taro bai san a kan wa zai sauko ba.

Sai sauke bindiga, inda aka fi yin ɓarna. Tsarin ɗaya ne, ba ya canzawa: a cire magazin, wato gidan da ake jera harsasai, tukuna, sannan a ja silaid, wato ƙarfen saman bindiga mai zamewa gaba da baya, a kulle shi a baya, a duba ɗakin harsashi, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, da ido, a sa ɗan yatsa a taɓa. Wanda ya juya tsarin, ya fara jan silaid magazin na ciki, ya fitar da harsashi ɗaya ne ya shigar da wani. Sai ya cire magazin ya ɗauka bindiga ta zama fanko, alhali tana ɗane. Masu riƙe da fistol ƙirar Browning su kula ƙwarai: yawancinta ba ta tashi in babu magazin a ciki, sai mutum ya ja kunama ya ji shiru ya sakankance, da ya mayar da magazin ya sake jan kunama sai harsashin da ya rage a ɗakin harsashi ya tashi. Kowace ma'ajiyar makamai tana buƙatar durom cike da yashi a ƙofarta, inda kowa zai tura bakin bindiga in zai ɗura ko zai sauke. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗalibi ba ya barin wannan mataki sai ya ɗura ya sauke da harsashin roba, wato na koyo wanda ba ya tashi, sau ashirin a jere, malami na tsaye a kansa, ba tare da yatsa ya leƙa kunama ko bakin bindiga ya kauce ba. Ya kuskure a na goma sha tara, a koma ɗaya.

Riƙo shi ne na gaba. Hannun harbi ya hau can sama, tsakanin babban yatsa da manuniya ya matse a ƙarƙashin ƙeyar bindiga, kada a bar rata, domin ratar nan ce ke sa baki ya yi tsalle. Ɗaya hannun ya rufe gefen mariƙin da ya rage a buɗe, yatsunsa a kan yatsun na farko, manyan yatsu biyu suna kallon gaba a gefe ɗaya. Wanda ya gicciye babban yatsa a bayan silaid zai sha yanka a harbin farko. Wanda ya ɗora gindin bindiga a tafin hannu kamar yadda ake gani a finafinai, hannun nan bai yi masa aikin komai ba. Hannun tallafi ne ya kamata ya fi matsawa, don hannun harbi ya ɗan sake, manuniya ta samu damar motsi ita kaɗai. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙirji ya ɗan rinjaya gaba. Sabon ɗalibi kullum baya yake karkata don gudun ƙara, shurin bindiga kuma ya ƙara tura shi.

A nan ne kuma ake gano idon da ya fi ƙarfi. Ɗalibi ya miƙa hannu biyu ya yi 'yar kafa da tafukansa, ya hango wani abu ta ciki da ido biyu a buɗe, sai ya rufe ido ɗaya. Idon da abin bai ɓace masa ba shi ne na saiti. Akwai mai hannun dama da idon hagu, kuma in ba a gano ba zai yi ta kauce wa bara ana zaginsa a banza. Maganinsa ya ɗan kawo bindigar gaban idon hagu. A wajen saiti, tsinin gaba ya zauna tsakiyar tsagar baya, samansu daidai, haske iri ɗaya hagu da dama. Ido ba ya iya ganin abu uku tar a lokaci guda, don haka tsinin gaba ake kallo, a bar abin bara ya ɗan yi dishi-dishi.

Yanzu jan kunama babu harsashi, wanda a ganinmu shi ne ƙashin bayan aikin duka, kuma shi aka fi rainawa. Ɗalibi ya tsaya gaban farin bango mai kauri wanda babu zane a jikinsa, bakin bindiga kamar taƙi ɗaya daga bangon. Babu abin bara da gangan, don kada ido ya samu abin kallo sai tsinin gaba. Ya sa tsokar gaɓar farko ta manuniya a kan kunama, ya ɗauke lakon da ke gaba har ya ji ta tsaya, sannan ya ƙara matsi a hankali, kai tsaye zuwa baya, har ta saki. In tsinin ya girgiza lokacin da ta saki, wannan harbin ya lalace. Malami ya ɗora fankon kwanso a tsaye a kan silaid kusa da baki. In ya faɗi, an fizgi kunama. Ci shi ne goma a jere kwanso bai faɗi ba. Minti goma zuwa sha biyar ya isa, sau uku ko huɗu a mako. In aka zarce haka hannu ya gaji, sai a koma maimaita kuskure har ya zama jiki. Bindigogin milimita 9 na zamani suna jure wannan, amma 'yar ƙaramar nan mai lamba .22 ba a jan kunamarta a fanko sai da harsashin roba a ciki, don allurarta mai dukan gindin harsashi za ta daki gefen ɗakin harsashi.

Sai bayan mako biyu ko uku a haka za a je fili, kuma daga mita 3 za a fara. Mun san manyan jami'ai suna ganin wannan raini ne. Amma a mita 25 sabon ɗalibi ba ya ma samun takardar, ba shi da abin karantawa, malami ma ba shi da abin gyarawa. A mita 3 kowane rami yana nuna abin da hannu ya yi. A zana da'ira mai faɗin santimita 5 a farar takarda, a yi harbi biyar a tsanake, babu agogo. In biyar ɗin sun shiga sau uku a jere, a ja baya zuwa mita 5, sannan 7 da da'irar santimita 10, sannan 10 da 15 da da'irar santimita 20. Mita 25 ita ce ta ƙarshe. Duk inda harsasai suka fara watsewa, a dawo matakin baya ba tare da jin kunya ba.

Abin dubawa a takarda shi ne taruwar ramuka kafin a damu da tsakiya. Ramukan da suka taru wuri ɗaya amma a gefe, a dangana bindigar a kan buhun yashi a gwada, mai yiwuwa saitinta ne ya goce. Waɗanda suka watsu ko'ina, ɗalibi takarda yake kallo maimakon tsinin gaba. Waɗanda suka jeru daga sama zuwa ƙasa, numfashi ne ko tsayin tsini da ke canzawa. A saki kunama a ɗan tsaikon da ke bayan fitar numfashi, in an wuce daƙiƙa bakwai ko takwas ba a harba ba a sauke hannu a sake. Amma ciwon da ya fi kowane yawa shi ne na mai hannun dama da harsasansa ke tafiya ƙasa ta hagu, bahago kuma ƙasa ta dama. Wannan zabura ce: jiki ya san ƙara da shuri na zuwa, sai ya riga su, ya danna bakin bindiga ƙasa yana matse dukan yatsu. Ɗalibi ba zai yarda yana yi ba, don shurin gaske na ɓoye motsin. Zai rantse maka bindigar ce ba ta da kyau. Sai malami ya ɗura magazin da kansa a ɓoye, ya cakuɗa harsashin roba biyu ko uku cikin na gaske. Da aka zo kan na roba, kunama ta yi ƙyas, kowa zai ga bakin bindiga ya yi sujada. Daga nan a tsaya, a yi ja biyar masu kyau a fanko, a ci gaba. Tsawa da gwale-gwale ba sa warkar da zabura, ƙara ta suke yi. Abin da ke rage ta shi ne toshe kunne da kyau, soso a ciki da marufi a waje. Ƙarar fistol tana kaiwa wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali 140 ma ta isa ta yi wa kunne lahani nan take. Yawancin tsofaffin masu wannan aiki sai an ɗaga murya suke ji.

Sauri ba ya shigowa sai an samu daidaito. Farko harbi biyu a jere a mita 5: bayan na farko a bar kunama ta koma gaba kaɗan har ta sake kamawa, a jira tsini ya dawo cikin tsaga, sannan na biyu. Ido ne ke ba da izinin harbi na biyu, ba kunne ba. Bayan haka zaro bindiga daga kube, wanda ake komawa ɗaki a koya a fanko, kashi huɗu: kama mariƙi sosai tun tana cikin kube yayin da ɗayan hannun ke a ƙirji, zaro ta sama a juya baki gaba, haɗa hannu biyu a gaban ƙirji, miƙawa zuwa ido. Yatsa ba ya shiga sai a kashi na huɗu. A yi shi a hankali sau ɗaruruwa kafin a kawo agogo, sannan a fara da daƙiƙa huɗu, a sauko uku, a sauko biyu da rabi, muddin harsashi na shiga da'ira. Mayarwa cikin kube kuwa ba ta da gaggawa ko kaɗan. A duba da ido, a cire yatsa, mai Beretta ya sauke ɗanin tukuna. Jami'an farin kaya masu sa kaftani su yi atisaye da kaftanin, domin gefen riga ko mazagin wando na iya shiga gaban kunama ya ja ta yayin turawa. Wanda kuwa yake soke bindiga a ƙugu babu kube, cinyarsa ya sa a caca.

Matakin ƙarshe shi ne wanda ya fi kusa da aikin gaske. Jami'i ya yi gudun mita 50 ko 100 sannan ya harba yana haki. A kafa takardu uku ko huɗu, wasu da alamar makami wasu babu, a ba shi umarnin murya, ya yi gargaɗi da baki kafin komai, kuma a riƙa sa zagayen da amsar daidai ita ce kada ya harba sam. Wanda ya harbi takardar da ba ta da makami ya faɗi, ko da sauran duk sun shiga tsakiya. A yi wani zagayen bayan magariba da tocila, tunda da yawa daga aikin shinge da dare ake yin sa.

Game da cijewar bindiga: kwanson da ya maƙale a tsaye a bakin silaid galibi sakin wuyan hannu ne ya jawo shi, ko datti. In kunama ta yi ƙyas babu ƙara, sabon ɗalibi ya riƙe baki na kallon tudun da ke tare harsashi daƙiƙa 30 kafin ya buɗe, don akwai harsashin da ke jinkirin tashi. Ƙwararre ne ake koya wa bugun gindin magazin da jan silaid nan take. Wanda ya fi haɗari shi ne a ji ƙara 'yar ƙarama babu shuri. A tsaya cak. Ƙila kan harsashi ya tsaya cikin bututu, in aka bi shi da wani bututun na iya kumbura ko ya fashe. Haka kuma harsashin saman magazin da ake ɗurawa a cire kullum safe da yamma, a hankali kansa yana nutsewa cikin kwanso, wanda ke ƙara matsin wuta in an harba shi. Mai kula da ma'ajiya ya riƙa jera shi da sabo, in ya gajarta a ware shi.

Yanayin Sakkwato ma yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ƙarfe ya yi zafi, gumi ya sa mariƙi santsi, hankali ya tafi wajen inuwa. A shiga fili bayan asuba a tashi da hantsi. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: man da aka malala wa bindiga sai ya haɗu da ita ya zama taɓo. Ɗigo kaɗan a kan hanyoyin da silaid ke bi da bayan bututu ya wadatar, kada a sa a ramin allura ko cikin magazin, kuma baƙin man mota ba man bindiga ba ne. Tudun da ke tare harsashi ya zama na ƙasa mai laushi ko yashi, a ganinmu kada ya gaza mita biyar. Marmara da tsakuwa suna mayar da harsashi ta inda ba a zata ba, haka ma fuskar ruwa. A kafa jan tuta, a sa mai gadi ta baya saboda makiyaya da masu itace. Bayan an tashi a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko goro, saboda dalmar harsashi.

Akwai wata hanya mai sauƙin kuɗi da aka yi watsi da ita, wato fistol mai aiki da iska, wadda ake gasa da ita a Olamfik a nisan mita 10. Ƙwayarta milimita 4.5 ce, gwangwani ɗaya na ɗauke da 500, tsakiyar bararta kuma milimita 11.5 kacal. Ba ta da shuri, ba ta da ƙara, don haka ba ta koyar da riƙon shuri, amma wajen saiti da jan kunama babu malamin da ya fi ta tsanani. Ita ma doka ta ce sai da lasisi. Ɗaki mai tsawon mita 12 a bariki, da akwatin ƙarfe mai tare ƙwaya, ya isa a kafa ta.

Roƙonmu ga shugabannin rundunonin da ke jihar nan shi ne kowane jami'i mai fistol ya samu ɗan littafi da za a riƙa rubuta kwanan wata, nisa, yawan harsashi, faɗin taruwa da santimita, da matakin da ya kai, malami ya sa hannu. Kowane ofishin yanki, daga Tambuwal har Sabon Birni, ya ware kwata ɗaya na awa bayan faretin safe, sau uku a mako, don atisayen fanko ƙarƙashin saje ɗaya da aka horar. A yi jarrabawa duk wata shida. Wanda ya faɗi a karɓi fistol ɗin a ajiye har ya sake ci, kuma kada a tsame masu anini a kafaɗa, domin su ne suka fi yawo da ita a ƙugu, su ne kuma ba a cika gani a layin harbi ba.

Wassalam.

Daga wasu tsofaffin malaman filin harbi,
Sakkwato.